Lemun Gwaggo Mero da Sadakar Juma'a

Gwaggo Mero ƙanwar babana ce. Duk wanda ya zauna tsohon ƙauyenmu na bakin kogi, kudu da Rusairis, ya san ta da abu biyu, taurin kai da lemun tsami. Taurin kan gadon gidanmu ne, ni ma ban tsira ba. Lemun kuwa na mijinta ne, Baba Sodangi, wanda ya yi jinaina, wato lambu, a gaɓar ruwa tun muna yara, har motocin birnin Damazin na zuwa ɗauka.

Da Allah ya yi masa rasuwa, sai Gwaggo ta ɗauki wata al'ada irin ta tsofaffinmu. Kowace Juma'a da hantsi takan je bakin makabarta, ta sami ramin tururuwa, ta zuba tafin hannu na tsakin dawa, sadaka, lada ga mamacin. Ita dai tata sadakar har da sukari a ciki. In an tambaye ta sai ta ce Sodangi bai taɓa shan shayi ba sai ya kusa zama zuma, ba za ta aika masa da abu salam ba. Mukan yi dariya a ɓoye, don a gabanta ba mai wannan ƙarfin hali.

Shekarar da aka ƙara wa madatsar ruwan Rusairis tsawo, aka ce mu tashi, ruwa zai ci ƙauyen. Ranar da manyan motoci suka zo, kowa na fama da gadaje da awaki, Gwaggo kuwa ta hau rungume da gwangwani, da ɗan dashen da ta cira daga uwar lemun jinainar. A bakin zanenta akwai ƙullin ƙasa, wadda ta sa ɗanta Mahmudu ya ɗebo daga kan kabarin ubansa. Kafin damina ta fita, jinaina da makabarta duk sun koma ƙarƙashin ruwa.

Sabon garin gidaje ne a jere iri ɗaya, ba inuwa ko ta kare. Nan tsakar gidanta ta haƙa rami, ta juye ƙasar kabarin, ta dasa lemun a kai. Ruwan alwalarta duk gindinsa yake zuwa. Sadakar Juma'a ma ta dawo da ita nan, gindin iccen. Icce ya kama, ya yi kyau, har ya yi fure, ƙamshi ya cika gidan. Ranar na ga Gwaggo ta yi hawaye, abin da ban gani ba ko ranar tashi.

Daga nan ciwon ya shigo. Wasu ƙananan abubuwa masu launin ƙasa suka manne a rassa da bayan ganye, ba sa motsi, sai ka kankare da farce ka gane ƙwari ne. Mu muna ce musu kaskar icce. Ganye ya yi danƙo, sannan ya yi baƙi kamar gindin tukunya, 'ya'yan lemun suka riƙa zubewa tun suna ƙanana.

Mahmudu ya daɗe yana aiki a lambunan garin Abu Na'ama, ya san ciwon. Da ya zo ya duba, sai ya nuna mana shazumami, tururuwan nan masu son zaƙi, suna hawa da sauka a jikin iccen, layi bai yankewa. Ya ce kaskar tana tsotse ruwan icce, tana fitar da wani zaƙi, su kuma shazumami suna sha, suna gadinta, suna korar ƙwarin da ke cin ta, kamar dai makiyayi da shanunsa. Kuma sukarin Juma'a ne ya tara su. Magani, in ji shi, a sare rassan da suka lalace, a shafa man inji a kan tsumma a ɗaure gindin, a zuba kananzir a ramin shazumamin, a daina sadaka a wurin.

Gwaggo ta saurare shi har ya gama. Ta ce kashe tururuwa dai bai halatta ba, balle baƙin da ita ta gayyata. Mahmudu ya ce to a bar kananzir, a kai sadakar bayan katanga. Ni ma na sa baki, na ce lada ai ba ta ɓatan hanya, ko ina aka zuba za ta isa.

"Huseina," ta ce da ni, "kabarin babanki yana kan tudu, kin san inda za ki tsaya. Ni na mijina yana cikin ruwa. Wanga wuri shi ne abin da ya rage mini."

Wallahi na ji haushinta, na kuma ji kunya.

Sai ta ɗauki tata hanyar. Gwaggo ita ce mai wankan gawar mata a garinmu, hannunta ya saba da aikin da ba a gaggawa. Takan dama sabulu da ruwan 'ya'yan dogon yaro, ta ɗauki tsumma, ta bi ganye ɗaya bayan ɗaya tana gogewa, ciki da baya, ta fara daga dama. Wanda ya ƙi fita ta sa farce. Icce ya ɗan farfaɗo, kaska ta dawo, ta sake bi. Ran Juma'a kuma ta zuba tsakinta da sukari. Na ce mata wannan ai ɗiban ruwa da kwando ne. Ta ce kwandon nata ne.

Haka ta riƙe su biyun, iccen da sadakar, shekara da shekaru, ba ta saki ko ɗaya ba. Amma ido ya fara gazawa, gwiwa ta ƙi hawa turmi, rassan sama suka fi ƙarfinta. Nakan taya ta in na samu sarari, ina yi ina mita, amma hannuna bai kai nata ba. Icce ya bushe ta gefe guda. Lemun da ta tsinka a shekararta ta ƙarshe bai cika ƙwarya ba, ta rarraba wa maƙwabta.

Da ciwo ya kwantar da ita, ta sa aka jawo gadonta bakin ƙofa inda za ta riƙa ganinsa. Ta kira Mahmudu.

"In na tafi, ka yi masa abin da ka sani," ta ce. "Ni ba zan ƙara buƙatar wurin tsayawa ba."

Da ta rasu, ni na yi mata wanka, yadda ta koya mini. Bayan an share makoki, Mahmudu ya sare rassa, ya ɗaure tsumman mai a gindi. Kananzir dai bai zuba ba. Damina ɗaya tak, icce ya yi sabon toho, ganye kore shar, ba danƙo ba baƙi. Gaskiyar Mahmudu ce tun farko, kuma ban taɓa ganin wanda gaskiyarsa ta yi wa ɗaci irin haka ba. Ya tsaya yana kallon furen da ya fito.

Wata Juma'a na fito zan je kasuwa, sai na hango shi tsugune a bayan katanga, bakin wani ramin tururuwa. Ya zuba tafin hannu na tsaki da sukari. Ya ɗan jima, sannan ya sake ɗebo wani tafin ya zuba kusa da na farko.