Karatun Zagaye a Gidan Kawu

Jiya ƙanwata ta kawo mini furojet ɗinta na jami'a in duba mata Turancin. Ina ganin "however" jere a shafi guda sai dariya ta kama ni, na tuna marigayi Kawu.

Tsohon malamin Turanci ne a Ƙaura. Shekarar da aka dawo mini da nawa furojet ɗin, wai tunanina bai haɗu ba, ga shi ana gab da rufe karɓa, shi na kai wa kuka. Na same shi a gindin dalbejiya yana tauna goro, rediyo na ƙara a gefen tabarma.

"Tashi tsaye, ɗiyata," in ji shi. "Ki karanta kina tafiya. In kin ce 'moreover', ƙara gaba. In kin ce 'however', juya baya, tunda zance ya juya. 'Therefore' kuwa kin iso ke nan, sai ki zauna."

Na yi ta juyi a tsakar gida har jiri ya ɗebe ni, na take kaskon ruwan kaji. Na zauna ban je ko'ina ba. Ya yi dariya har ya ƙware.

"Kin gani? Ado kike yi da su. Ki sa su inda tunaninki ya juya da gaske."

Na share yawancinsu, furojet ya wuce.

Yanzu haka ƙanwata na zagaye tsakar gidana da takarda a hannu. Shi Kawu ya riga ya iso, ya zauna. Allah ya sa inuwar da ya samu ta fi ta dalbejiyar nan sanyi.