Magaryar Kaka da Baturen Ailan

Wata Asabar bayan babbar salla, a ƙarshen shekarun sittin, na dawo daga makaranta na tarar an shafa wa magaryar ƙofar gidanmu jan fenti. A Karantina, unguwarmu ta birnin Jidda, kowa ya san ma'anar wannan: hanya za ta biyo, duk abin da aka shafa wa ja sai ya faɗi. Kakata, Hajja Tabawa, ta shimfiɗa tabarma a gindinta ta zauna, ta ƙi cin abinci.

Daga ƙauyensu na ƙasar Katsina ta ƙullo ƙwallon magaryar a bakin zane, lokacin da suka taho hajji a ƙafa. Ruwa a Jidda saye ake yi, saboda haka aikina ne kullum in tara ruwan alwalar gidan a gwangwani in kai wa bishiyar. Na sha sukar ƙaya, na sha yin ƙunƙuni. Amma a inuwarta muke carafke, a nan Kaka take ba mu labarin rijiyar garinsu da wata kuka da ba a ratsawa da tsakar rana. "Da ganyen nan za a yi mini wankan ƙarshe," haka take cewa, ba wasa a fuskarta.

Washegari motar rusau ta iso tare da injiniyan kamfanin, wani Bature mutumin Ailan da rana ta gasa ya yi jawur. Babana na roƙo, shugaban leburori na cewa da Larabci, "Halas, yalla," wato magana ta ƙare, a fara aiki. Ni kuwa da taurin kaina na ratsa tsakaninsu, na juye gwangwanina a gindinta kamar kullum. Baturen ya taɓa ƙayar, ya duba gabas da yamma bai ga wata bishiya ba. Cikin gurguwar Larabci ya ce a ƙauyensu ba mai sare itacen ƙaya da ya tsaya shi kaɗai, don yana da masu shi da ido ba ya gani. Manomi ma kewaye shi yake yi da garma. Da na mayar wa Kaka da Hausa, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ashe garinsu akwai manya," ta ce. "'Yar nan, ɗebo masa ruwa."

Da umarnin Baturen hanya ta karkace, ta bar mana magarya. Mata suka rangaɗa guɗa, Kaka ta tashi da tuwo har da ƙari, ni kuwa na yi ta yawo a unguwa ina cewa ni na yi. Ranar da Kaka ta rasu, da hannuna na tsinko ganyen.

Yau ba Karantina, ba magarya, jikokina ko carafke ba su sani ba. Amma har yanzu in na ga hanya ta karkace ba dalili, sai na leƙa ko akwai bishiya.