Baturen da Ya Duba Ƙafar Jakina

Na yi ga-ruwa a Makka shekara ashirin da wani abu. Da ƙafa na zo daga ƙasar Kano, shekara shida a hanya, na binne mutum biyu nawa a Sudan. Ba wannan zan faɗa ba. Zancen jakina zan yi.

Bayan yaƙin Turawa na biyu ne da 'yan shekaru. Muna zaune a unguwar Hindawiyya, ɗaki ɗaya na kwano, ni da matata da 'ya'ya uku. Abin da na mallaka a duniya jakin nan ne. Da shi nake ɗebo ruwa a bazan, inda ake bin layi a cika garwa, in kai gidajen kan tudu. Garwa huɗu yake ɗauka a sawu ɗaya. Ni kafaɗata ta daɗe da mutuwa, biyu ma da ƙyar.

Wata safiya ya zame a matakalar dutse, garewani suka tarwatse. Ya tashi da ƙafa uku. Ta gaba ta hagu ya ɗage ta, ba ya yarda ta taɓa ƙasa. Kafin azahar ta kumbura ta yi suntum.

Maƙwabcina Basakkwace ne, shi ma ga-ruwa. Ya zagaya jakin sau ɗaya.

"Wanga jaki ya ƙare, Bakano. Kai shi bayan duwatsu ka baro shi, karnuka su yi maka addu'a."

Matata tana bakin ƙofa. Ta ce, "Malam, to mu fa?"

Ta san amsar. In babu jaki, gidajen da nake kai wa ruwa za su kira wani, tukunyarmu ta kife.

Cikin gidajen nan akwai na wani tsohon Bature. A Masar ya musulunta, ya zo Hajji, ya ƙi komawa. Dogo ne, wuyansa ja, yatsunsa biyu a karkace. Washegari ya ga na shigo da garwa a kafaɗa ina haki. Larabcinsa gurgu, nawa ma gurgu, da haka muke fahimtar juna. Ya ce ina jakin? Na gaya masa. Bai ce sannu ba. Ya sa takalmi ya biyo ni.

Basakkwace da ya gan mu ya tuntsire da dariya. "Bature ya san jaki? Su da cikin mota aka haife su!"

Baturen ya durƙusa cikin kashin jaki da farar rigarsa. Ya yi ta yi wa dabbar magana da yarensu, a hankali, har kunnuwanta suka kwanta. Ya bi ƙafar da yatsu daga gwiwa zuwa kofato, ya matsa nan, ya matsa can, ya lanƙwasa, ya kara kunne. Ni ina riƙe da kan jakin.

Ya miƙe ya ce, "Ƙashi lafiya. Jijiya ce, ya ɗan'uwa. Kwana ashirin, ba kaya, ba tafiya."

Na zauna a ƙasa.

Ya nuna mana yadda za a yi: ruwan sanyi safe da yamma, laka da aka kwaɓa da ruwan tsami, sai a naɗe da tsumma, kada a matse. Matata ta ce a Makka, inda mutum ke alwala da moɗa ɗaya, a zuba wa jaki ruwa a ƙafa? Ta faɗa, amma ita ta riƙa sanyaya shi a tulu. Basakkwacen, duk da bakinsa, ya karɓi gidajena uku na can ƙololuwa yana kai musu ruwa, ya ce kada in saba.

Kullum da hantsi Baturen yake zuwa ya kwance tsumman da kansa. Rana ta huɗu na tambaye shi inda ya koyi wannan. Ya ce a silima.

Sau ɗaya na taɓa ganin silima, a Bur Sudan, daga kan katanga. Mutane masu manyan huluna a kan dawakai suna harbin juna, kaboyi ake ce musu. Na ce masa na ɗauka da gaske suke mutuwa.

Ya ce, "Mutanen ba sa mutuwa. Dawakan ne."

Labarin bai zo rana ɗaya ba, guntu-guntu ya zo, yana naɗe tsumma yana faɗa. Ubansa maƙerin takalmin doki ne a wata ƙasar Turai mai sanyi. Bayan yaƙin farko yunwa ta kori shi Baturen, ya hau jirgin ruwa zuwa Amurka. Masu yin siliman kaboyi suna neman wanda ya san doki, suka ɗauke shi. Ya ce in ana so a nuna an harbi mahayi, sai a ɗaura wa dokin waya mai tsawo a ƙafafun gaba, a kafe ɗaya bakin a ƙasa, a sake shi da sukuwa. In wayar ta ƙare, sai ya kifa da kai. Mahayin ya san lokacin, ya yi tsalle. Dokin bai sani ba. In ƙura ta lafa, shi ake kira ya taɓa ƙafafu ya faɗi wanda zai tashi da wanda za a harbe.

Daga nan ya koma riƙe na'urar ɗaukar hoto. Har ya kai shi ke ba da umarni, ya yi ƙananan silima da dama, kowanne cikin mako guda. Ya ce Turawan ƙasashensu da yawa suna can, wani a da soja ne, wani mai zane, babu wanda ya taɓa kiwon saniya, amma su ke koya wa 'yan ƙasar yadda kaboyi zai tsaya. Wasu sun gina manyan gidaje, wasu sun ƙare a wanke kwanuka. Shi da silima ta fara magana, don a da hoto ne ba murya, harshensa ya kayar da shi. In ya ba da umarni 'yan wasa su kwaikwaye shi suna dariya. Aka mayar da shi wajen dawakai. Ya koma Turai, yaƙi ya sake samunsa, ya gangaro Masar.

Na ce, "Hajji, aikin banza kuka yi."

Ya ce, "Na'am." Ya ci gaba da naɗinsa.

Kwana goma sha ɗaya kumburin ya faɗa. Sha biyar jakin ya fara dangana kofaton. Na so in ɗora masa garwa biyu, Baturen ya daka mini tsawa har matata ta leƙo.

Ranar cikon ashirin ya kwance tsumman ya ba matata. Ya ce in ja jakin a lungunmu, inda ƙasa take da tauri, in je in dawo. Shi ya tsaya jikin bango ya rufe ido. Basakkwace ya ce, "Ka gani, ya ƙi kallo, ya san abin kunya za a yi." Baturen ya ɗaga hannu, kowa ya yi shiru.

Na ja. Kofato huɗu suna bugun ƙasa. Na je ƙarshen lungu na juyo. Ya ce in sake, da sauri. Na sake, jakin yana sassarfa, ni ina gudu a gefensa da furfurata.

Ya buɗe ido. "Huɗu ne, duk ɗaya suke sauka. Garwa biyu wata guda, sannan huɗu. Ka bar matakalar nan, ka zagaya."

Matata ta rangaɗa guɗa a cikin ɗaki. Basakkwace ya ce in karɓi gidajena tun yau, ƙafarsa shi ma ta gaji kuma ba Baturen da zai duba masa.

Na ɗaura akumari, na rataya garwa biyu, muka nufi bazan. Layi ya yi tsawo ranar. Na tsaya a bayan kowa, hannuna a wuyan jakin, ban damu ba.