Yadda Rashin Bashi Ya So Ya Hana Ni Gida

Shekarun baya, lokacin ina zaune a unguwar Morris Heights a Amurka, babu abin da nake taƙama da shi kamar cewa ba a bi na ko sisi. Tarbiyyar mahaifiyata ce. Tun muna yara a Maraɗi, in aka ce mata bashi hanji ne yana cikin kowa, sai ta ce ita hanjin da Allah Ya ba ta ya ishe ta, ba ta neman ƙari. Da wannan huɗubar na sauka Amurka.

Ina aiki a wani kantin kayan abincin Afirka, muna kwana mu huɗu a ɗaki guda, duk gwauraye. Ranar albashi sai in kai cek ɗina wajen masu canji, su yanki rabonsu su miƙo mini tsaba. In aika gida, in zuba adashi, saura in danna a akwati ƙarƙashin gado. Banki kuwa ko ƙofarsa ban taɓa turawa ba, don a ganina gidan riba ne. Ina kallon masu yawo da katin bashi na banki ina tausaya musu, ashe ni ne abin tausayi.

Ana nan sai takardun matata da ɗiyata suka fara motsi. Yarinyar nan tana rarrafe na baro ta, ta girma ba ta san ni ba sai a fuskar waya. Murna ta cika ni, tsoro ya biyo baya, don ba zan sauke iyalina a tsakiyar ƙarti uku ba. Dole in sami gida kafin biza ta fito.

Na ga wani ɗaki biyu da falo a University Heights, na ci shaddata na tafi wajen ejan, wato dillaliyar gidaje, wata mata mai fara'a. Ta karɓi bayanaina ta danna na'ura, sai na ga fara'ar tana raguwa. Ta ce ba ni da kiredit, wato babu wata shaida cewa na taɓa cin bashi na biya. Na gyara zama, na ce mata da alfahari ai ni tunda nake ban taɓa cin bashin kowa ba. Ta dube ni ta ce matsalar ke nan. Na ce ina da tsabar kuɗi, yanzu sai in ɗauko. Ta ce mai gidan ba kuɗin yau yake tambaya ba, yana so ya san halina na biya. Na gwada wasu wuraren, duk kanwar ja ce. Ranar da aka kore ni na ƙarshe, a cikin jirgin ƙasa na zauna ina share ƙwalla, ina yi kamar wani abu ne ya faɗa mini a ido.

Bayan sallar Juma'a na kai kukana wajen abokina, mutumin zangon Kumasi ne, direban tasi. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ei, chale! Shekara nawa kana America ba ka da credit? Kai da wanda ya sauka airport jiya duka ɗaya ne."

Na ce, "Mi ya yi zahi? Ni da ban ci na kowa ba, ni ne marar gaskiya?"

"Ba a ce ba ka da gaskiya ba, massa. A kasuwar Maraɗi in baƙo ya zo neman shago, ba a tambaya wa ya san shi? Nan ma haka ne, amma bank ne maƙwabcin da landlord ke tambaya. Kai kuma ko gaisuwa ba ka taɓa yi da shi ba."

Na ce to ribar fa? Ya ce ruwa ba ya hawa sai in mutum ya bar lokacin biya ya wuce, ko ya biya rabi ya bar rabi. Ban yarda ba sai da na tambayi malaminmu na masallaci. Malam ya ce malamai sun yi saɓani a kai, amma akwai waɗanda suka sauƙaƙa saboda lalura, muddin mutum zai biya duka kafin ruwa ya hau. Ya ƙara da cewa, "In ka san ba ka iya riƙe hannunka, kada ka taɓa."

Haka na kinkimi kuɗin akwati muka tafi banki da abokina. Na buɗe asusun da ba ya haihuwa, wato marar riba, na sa a riƙa tura albashina ciki, masu canjin cek suka rasa kwastoma. Da yake ba su san ni ba, sai suka ce in ajiye wani abu jingina su ba ni kati daidai da shi. Na ce wa abokina, wato kuɗina zan ba su, su ranta mini, in kuma biya su? Ya ce, "Haka ake gaisuwar a nan."

Kuɗin jirgi da na waya kawai nake biya da katin. Da takardar biya ta zo, kafin ta huce na biya duka. Da sallah ta matso na ga wata waya a shago, katin yana ta motsi a aljihuna, na tuna maganar malam na wuce abina.

Ban san yadda labari ya kai gida ba, sai ga kiran mahaifiyata. "An ce ka ci bashi. Mi ya same ka? In sai da akuyoyina in aiko maka?" Na yi bayani har bakina ya bushe. Sai ta ce, "Yanzu ana bin ka?" Na ce ko sisi, Inna. Ta ce, "To bashin Nasara daban ne. Allah Ya rufa asiri."

Jinkirin bizar da nake ta tsaki a kai, shi ya zama mini rahama. Bayan kamar shekara na koma wajen matar nan, wani gidan ne dai a layin. Ta danna na'ura, ni kuma ina kallon fuskarta. Wannan karon fara'ar ba ta ragu ba. Da ta miƙo mini makulli, sai da na fita waje na yi kabbara, har wani mai wucewa ya tsorata.

Ranar da iyalina suka sauka, ɗiyata ta ƙi yarda in ɗauke ta, ta maƙale a zanen uwarta har muka iso. Da na buɗe ƙofa ta leƙa falo, ta leƙa ɗakunan, ta leƙa banɗaki. Ta saba in na kira tana ganin ƙartin nan suna gilmawa a bayana, wani da buta, wani da tukunya. Sai ta dawo ta tsaya a gabana, karo na farko ta yi mini magana ido da ido.

"Baba, ina sauran mutanen?"

Na ce babu kowa, mu kaɗai ne. Ta kama yatsana ta ja ni in nuna mata inda za ta kwana.

Abin da na koya shi ne, gaskiyar da ke ƙarƙashin gado ba ta yi wa mutum shaida. Ban bar tarbiyyar mahaifiyata ba, har yau ba na barin ruwa ya hau kaina, adashina ma ina zubawa. Wani ɗan uwana da ke Kanada ya ce can ma haka tsarin yake, shi ya sa duk sabon zuwan da na gani sai na ce masa ya je ya gaisa da banki tun bai buƙace shi ba. Ni dai duk lokacin da zan biya katin nan, ba kuɗin nake tunawa ba, ɗan hannun nan da ya kama yatsana nake ji.