Harafi Mai Tumbi

Shekara talatin da ɗaya Mai Guga ya yi yana wanki da guga a ɗan shagonsa na ƙarshen layi, ko hankici bai taɓa salwanta a hannunsa ba. Bai iya karatu ba, balle rubutu, amma yana da alamominsa da yake ɗinkawa da baƙin zare a cikin wuyan riga. Ɗigo ɗaya na mai kanti ne, biyu na direban asibiti, uku na Hedimasta, wanda ya fara kawo masa wanki tun yana sabon malami mai riga biyu. Mutane kan cillo masa ƙunshin kaya su wuce ba tare da sun ƙirga ba. Ba shi da gida nasa, ba shi da gona, wannan rashin ƙirgawar ita ce duk abin da ya tara a duniya.

Wata Talata da hantsi gawayi ya ƙare masa. Ya bar shanya a igiya bayan shago, ya taka zuwa bakin titi. Ko da ya dawo, sai guntun igiya biyu suna lilo. An sa wuƙa an yanke, an naɗe kaya goma sha huɗu an yi gaba, har da rigunan Hedimasta guda huɗu.

Ya kwance guntun igiyar ya nufi ofishin 'yan sanda. Ya zauna a benci har ƙafarsa ta yi tsami, sannan wani kofur mai kula da babban littafi mai jan bango ya kira shi. Ya yi bayani dalla-dalla, kofur ya rubuta, ya yago masa 'yar takarda mai lamba. Mai Guga ya dawo da sanyin zuciya, yana gaya wa duk mai kaya cewa magana tana hannun hukuma.

To, a shekarar aka kafa wani allo a ƙofar ofishin, ana rubuta yawan laifuffukan kowace unguwa duk ƙarshen wata, wai don jama'a su san halin da suke ciki. Abu mai kyau, wa zai ƙi? Da wata ya ƙare, mai aski, wanda bakinsa ya fi askarsa kaifi, ya je ya karanto ya dawo yana shela.

"Unguwarmu dai aljanna ce. Sata, sifili. Baba, ko iska ce ta sa rigunan Hedimasta ta tafi ɗaurin aure?"

Aka yi dariya, shi ma ya yi yaƙe. Amma washegari matar mai kanti ta zo ta karɓi kayanta jiƙaƙƙu, ta ce za ta ƙarasa a gida.

Da yamma ya je gidan 'yarsa ta fari, wadda ke aiki a kantin magani, ya miƙa mata takardar. Ta karanta ta ɗago kai.

"Baba, ai ba sata aka rubuta ba. Ɓata aka rubuta."

"Wace irin ɓata? Da bakina na ce masa sata."

Ta jawo bayan kwali ta rubuta masa kalmomin biyu, ɗaya a kan ɗaya. Duk iri ɗaya ne, in ji ta, ban da harafin farko. Na sata siriri ne mai lanƙwasa kamar maciji, na ɓata kuwa mai tumbi ne da ƙugiya a ka. Mai Guga ya daɗe yana kallonsu. Mutumin da ya shekara talatin yana rarrabe ɗigon zare ba ya bukatar a nuna masa alama sau biyu.

Ya koma ofis da igiyarsa. Kofur ya saurare shi yana sakace haƙori.

"Baba, ka ga ɓarawon da idonka?"

"Da na gan shi ai da tare za mu zo, ranka ya daɗe."

"To abin da ba a ga wanda ya ɗauka ba, ɓata ya yi."

"Igiyar fa? Ita ta yanke kanta?"

"Ajiye igiyarka, Baba. Allo kuma daga sama ake turo shi."

Ya roƙi a buɗe masa littafin ya ga abin da aka rubuta a kansa, aka ce littafi sirrin aiki ne, sai da izinin shugaban ofis. Shugaban ofis yana taro. Ya dawo, aka ce shugaban ya yi tafiya. Ya sake dawowa, aka ce ya rubuto takarda. 'Yarsa ta rubuta, aka buga hatimi, aka ce ana dubawa. Kai, wannan dubawa! Sau bakwai yana rufe shago saboda ita, kuma duk ranar da ya rufe, wani ƙunshin kaya ya koma wajen sabon mai wanki na bayan kasuwa.

A zuwa na bakwai ne waya ta yi ƙara, kofur ya juya baya ya bar littafin a buɗe a kan kanta. Mai Guga ya miƙa wuya. Bai san komai a shafin ba sai layi ɗaya da ya gangara daga sama har ƙasa: tumbi, tumbi, tumbi, tumbi. Ya nemi maciji ko ɗaya bai gani ba. Ashe duk unguwar sakarkaru ne masu yar da kayansu.

Ya fito, ya bi layi gida-gida. Tela ya zaro tasa takardar ta kan keken ɗinkinsa da aka sace, mai tumbi. Mai faci ya zaro ta injin iska, mai tumbi. Ya ce su tashi su tafi tare. Tela ya gyara zama ya ce, "Baba, faɗan da ya fi ƙarfinka, mai da shi wasa. Ni kayana aka ɗauka, na haƙura." Nan Mai Guga ya ji baƙin ciki, don gaskiya tela ya faɗa. Su kayansu suka rasa. Shi kayan mutane ne, kuma allon hukuma ya ce ba ɓarawon da ya shigo unguwa.

Matarsa ta ce ya bar wa Allah. Ya ce ya bari, amma bai jefar da igiyar ba, tana rataye a ƙusa kusa da dutsen guga.

Ranar Asabar Hedimasta ya zo da kansa, ƙunshi a hammata. Bai taɓa yi masa maganar rigunan ba, mutum ne mai kunya. Suka gaisa har da tambayar jikoki.

"Na ga allon," in ji Hedimasta a hankali. "Kada ka sa abin a ranka, Baba. Girma ya zo mana duka. Ni ma jiya na nemi tabarau, ashe yana kaina."

Sai ya kwance ƙunshin a kan tebur, ya fara ɗaga rigunan ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗaya, biyu, uku..."

Mai Guga ya dubi igiyar da ke jikin ƙusa. Ya buɗe baki zai ce ga shaidar wuƙa nan, ga littafin da ya gani, ga takardar tela. Amma wa zai kai ya nuna wa shafin? Ya tsaya yana kallon ɗigo uku-uku na baƙin zare da ya ɗinka da hannunsa suna wucewa.

"Bakwai," in ji Hedimasta. "Ka ƙirga kai ma, don kada a samu ɓata."

Mai Guga ya goge hannunsa a jikin riga, ya jawo kayan gabansa, ya fara ƙirgawa.