Maɓallin Wuyan Rigar Baba

Shekarun baya, kafin in buɗe nawa shagon, na yi aikin walda a wurin wani dattijo a Yakasai. Baba muke ce masa. Ni ne mai riƙe injin yankan ƙarfe, irin na hannun nan da in ya tashi har haƙoranka sai sun kaɗa. A lokacin ji nake duk cikin ganuwa babu mai damtse irin nawa.

Abu biyu na Baba suna ba ni haushi. Da ka ɗan jima a kan inji sai ya kashe janareta ya ce, "A huta, a murza hannu." Ni na ɗauka rowar fetur ce. Sannan bai taɓa ɓalla maɓallin wuyan rigarsa da kansa ba, sai dai ya ɗaga haɓa ya jira wani. In ce a raina, ikon Allah, mulki babu rawani.

Wata bazara aka kawo mana aikin ƙofofin wata Islamiyya, sai Baba ya tafi ta'aziyya ƙauye. Na samu sake. Kwana huɗu ina kan inji daga hantsi har la'asar, ga faifan yankan ya ɗan karkace, karkarwarsa ta ƙaru, amma ban canza shi ba. Da farko kamar ana tsira mini allura a yatsu. Daga baya ko ruwan alwala ba na ji sosai. Na ɓoye abin, don kada a raba ni da inji.

Ranar Juma'a Baba ya dawo. Za mu tafi masallaci, ya ɗaga haɓa ya ce, "Zo ka sa mini."

Ina ganin maɓallin, amma ba na jin sa. Sau uku yana suɓuce mini.

"Tun yaushe?" ya tambaye ni.

"Ba komai, Baba, sanyi ne."

"Sanyi a bazara?" Ya riƙe hannuna yana duban kan yatsun da suka yi fari. "Kana tsammanin son girma ne ya sa nake kiran ku? Injin nan ne ya cinye mini jin yatsuna, ina ganiyar ƙarfi kamar kai. Da aka miƙo mini jikana ranar suna, na shafa kumatunsa, wallahi kamar na shafa katako."

Kunya ta rufe ni. Duk tsawon zamana da shi ban taɓa kallon hannunsa ba.

Washegari ya tura ni asibiti, ya jefar da faifan, ya mayar da ni awo da fenti har wata biyu. Masu makaranta suka zo suna faɗa an saɓa musu lokaci. Ina tsaye a wurin, bai ko kalle ni ba, ya ce laifinsa ne, su yi haƙuri. A hankali jin yatsuna ya dawo.

Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Yanzu ni ne mai kashe janareta, kuma na san abin da ake faɗa a bayana. Ranar da aka haifi 'yata ta fari, na kai yatsa kan kumatunta, na ji laushinsa da ɗuminsa. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, matata tana ta tambaya ko lafiya.