Jirgin Yaƙin da Aka Tono a Fadamar Bukkuyum

Jama'a, abin da zan gaya muku ba a bakin wani na ji ba, a bayan ɗakina aka yi shi, Allah shi ne shaidata. Lokacin muna zaune a Gummi, ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba, maigidana yana sana'ar walda da gyaran bodin mota, ni kuwa ina gida da goyon fari.

Da rani ne masu haƙar zinare a wata fadama gaba da Nasarawa Burkullu digarsu ta bugi ƙarfe, suka yi ta tono, sai ga fiffike, sai ga hanci, ashe jirgin sama ne sukutum kwance cikin baƙar laka, irin ƙananan nan na yaƙi masu ɗaukar mutum guda. Tsofaffin wurin suka ce lallai zamanin yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, wani abu ya taɓa faɗowa da hayaƙi, fadama ta haɗiye shi. Ikon Allah, lakar ta adana shi, ko fentinsa bai gama fita ba.

Wani Alhaji mai sayen zinare ya ce a gyara masa shi ya kafa a gaban gidan mansa. Aka jawo shi da tarakta da shanun noma, aka kawo shi kangon da ke bayan gidanmu, darni kawai ya raba mu, aka danƙa wa Malam, maigidana, aikin.

To, masu haƙa suna da ƙa'ida: ƙasar da ta fito raminsu ba a zubar da ita sai an daka an wanke, ko da zinare a ciki. Mazaunin matuƙin kuwa cike yake da busasshiyar laka. Shugabansu, Mamman Dogo, ya sa aka kankare ta cikin buhuna, aka rarraba wa matan unguwa daka kamar yadda aka saba. Ni ma aka kawo mini nawa. Na juye a turmi, na ɗaga taɓarya ke nan, idona ya sauka kan wasu 'yan ƙasusuwa a jere, da maɓalli, da guntun fata. Innalillahi! Yatsun hannu ne.

Na kira Malam, na ce, "Malam, wanga ba dutse ba ne, mutum na." Ya duba, ya fita ya sami Mamman, ina jin su ta darni. Mamman ya yi dariya ya ce, "Kai Malam, wa as san shi? Haƙorin zinari na ciro bakinai, saura na nan ciki. Ko kai za ka yi mai salla?" Malam ya ce, "Ko wane ne, uwa ta haife shi. A rufe shi." Masu haƙar suka yi masa ihu.

Ni dai na tsince abin da ke turmina ɗaya bayan ɗaya ina hawaye, na naɗe a farin ƙyallen da na ajiye don rigar jaririyata, Malam ya kai bayan gari ya rufe a gindin wata tsamiya. Sauran gidajen kuwa, wallahi yinin ranar ina jin taɓarensu, dum, dum, har suka mai da bawan Allah gari.

Daga nan kango ya rikice. Hudojin harsashin da ke jikin jirgin, Malam zai like su da walda, gari ya waye ya tarar da facin a ƙasa. Masu haƙar nan da ke taya shi ɗaga ƙarfe suka koma kamar karnuka, a kan ruwan sha Mamman ya tsaga wa ƙanensa goshi da shebur, jini har kan fiffike. Harsasan da ke cikin bindigogin jirgin, masu jere kamar jigida, Malam da hannunsa ya zare su tas, ya zuba a gulbi gaban mutane. Na roƙe shi ya bar aikin, na ce, "Don Allah dube mu, ni da 'yar nan." Ya ce ya riga ya ɗauki alkawari, daga an ɗaura farfelar hancin jirgin ya gama.

Ranar ɗaura farfelar, bayan azahar, rana tsaka, ina shanya a jikin darni ina hangensu. Ku sani, injin nan tsatsa ce zalla, ko ɗigon mai babu. Malam ya ɗaure ƙusar ƙarshe ya ja baya, Mamman ya dafa farfelar yana yi wa mutane barkwanci.

Sai ta juya.

Ta juya da wani irin ruri da ban taɓa ji ba, ta fizge hannun Mamman daga kafaɗa ta yi jifa da shi kan darnina, ta dawo ta same shi a wuya. Kafin a yi salati bindigogin suka buɗe, ta-ta-ta-ta, katangar kango tana zubewa, mutanen da suka yi dakon buhunan nan suna faɗuwa, wani yana ja da ciki yana kiran Inna, akuyarmu ta rabe biyu. Malam kuwa yana tsaye daidai bakin bindigar hagu. Na ga rigarsa tana tsalle a jikinsa, na ce shi ke nan, na zama gwauruwa.

Ban san abin da ya sa na ɗaga kai ba. A mazaunin matuƙi akwai mutum zaune da hular fata. Ba shi da fuska, jama'a, gari ne toka-toka irin na cikin turmi, yana zuba. Abu ɗaya ne cikakke a jikinsa, hannu guda, da yatsunsa biyar, ya manna shi a gilashi ta wajena. Sai komai ya tsaya cik.

Mutum uku aka yi wa sutura. Malam ya shigo gida da ƙafarsa, na cire masa riga ina lalube, hudoji gaba da baya, wasu daidai ƙirji, amma fatarsa ko ƙwarzane babu. Masu bincike suka ce zafin walda ne ya tayar da tsohon harsashi. To wane harsashi? Ko kwanso ɗaya ba a tsinta a kangon ba.

Alhaji ya sayar da jirgin ga masu zubin tukwane, na yi shekaru ban sayi tukunya a kasuwar Gummi ba. Rigar tana ƙasan akwatina har yau, kuma in na buɗe, warin laka take yi, ɗanya.

Don Allah, in kuna tono kuka ci karo da ƙashin ɗan Adam, kada ku tsaya tambayar ko na wane ne. Ku nemi ƙyalle ku rufe shi. Allah Ya sa mu ma a sami mai rufe mu.